Tuwon da Ba Ya Kwana

Tafiyar nan ta ba ni wuya, kuma har yau ƙuguna bai koma daidai ba. Kwana goma na yi a waje, ban ƙaru da komai ba sai ciwon baya da kunya. Amma mutane sun ƙi bari na huta. A masallaci a tambaye ni, a kasuwar Gwaram a tare ni, kowa so yake ya ji yadda ƙasar Faranshi ta tsallaken iyakarmu take da abin da 'yan jami'a suka je nema. Na gaji da maimaitawa. Shi ya sa na zauna na rubuta da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya sake tambaya, a miƙa masa takarda.

Sunana Isiyaku, noma nake a Yalwan Damai. Shekarar da fari ya ci mu gonata ba ta ba ni abin kirki ba, sai na kama aikin lebura a gonar gwaji ta mutanen jami'a, a bayan garin Birnin Kudu. Mai kula da aikin shi ne Dakta Habibu. Na girme shi nesa ba kusa ba, amma an ce har ƙasar waje ya je karatun dawa. Yana da wani sabon iri, gajere, bai wuce ƙirjin mutum ba, wata uku ya nuna. Da idona na gan shi ya fid da kai a shekarar da dawar kowa ta bushe a tsaye. Sai dai ko ƙwaya ɗaya ba a bari mun kai baki ba. Aunawa ake yi, a zuba a buhu, a rubuta lamba, mota ta kwashe.

Da bazara ta yi nisa Dakta ya ce za a je wani ƙauye bayan Matamaye, a tsallaken iyaka, inda aka ba manoma irin tun shekara biyu. Za a tambaye su yadda suka same shi. In sun yaba, a raba shi daga Birnin Kudu har Gwaram. Ya ce in biyo su in ɗauki kaya, in kuma dawo in faɗa wa manoma da bakina. Ya yi mini alkawarin da mun dawo ni zai fara bai wa irin.

A nan na yi wautar. Ina da dami uku na kaurar da na gada wurin babana, na ajiye don shuka. Abinci ya ƙare a gida, mai ɗakina Hajara garin rogo take auna wa yara. Ranar da zan tashi na ce mata ta sauke damman nan ta sussuke ta tuƙa musu. Yayanta, Malam Ilu na Kiyako, ya zo yi mini sallama, yana zaune a zaure ya ji.

Ya ce, "Isiyaku, ko a shekarar yunwa iyayenmu ba su ci iri ba."

Na ce, "Iyayenmu ba su ga jami'a ba, Yaya. Bari damina ta faɗi, kai za ka zo ƙofar gidan nan neman iri."

A gaban mutum huɗu na faɗa. Ya sa takalminsa ya tafi.

Mu huɗu muka tashi a Landiroba. Dakta a gaba. Mai tuƙi shi ne Injiniya Yusufu, wanda ya ƙera wani ɗan inji da ya ce zai surfa dawa ya niƙa a lokaci guda, mata su huta da turmi. Sai Malama Asabe, ita aikinta tambayar mutane abin da suke so su ci da abin da suke so su saya, ta rubuta. Ban taɓa sanin ana biyan mutum albashi don wannan ba. Ni kuma a baya, ni da injin da buhuna. Duk ramin da motar ta faɗa, injin ya dake ni a ƙugu. Kafin Wudil na san kowace kusurwa tasa.

Kano ta canja. Ko'ina gini, ko'ina manyan motocin siminti, kuɗin mai ya shigo. Na ga samarin garinmu biyu suna ɗaukar bulo a wani bene, suka yi kamar ba su gan ni ba. Muka ɓata kwana biyu wajen ɗaukar hotona da yi mini allura, don an ce ba a tsallaka iyaka sai da katin allura. Hannun ya kumbura kwana uku. Hoton kuwa da aka manna, Malama Asabe ta duba ta ce, "Baba Isiyaku, kamar an ce maka akuyarka ta ɓata." Na ce ai da ma ba a ce mini in yi dariya ba.

A Daura muka kwana. Su suka shiga gidan saukar baƙi, ni na kwana a mota gadin inji. Da safe aka kawo mini shayi da burodi yanka biyu. Na ci na zauna ina jiran abincin, ashe shi ke nan.

A kan iyaka muka sha zama. Takardunmu daidai, takardar buhunan daidai, amma Injiniya ya baro takardar injinsa a kan teburinsa. Ma'aikatan wancan ɓangaren suka ce ba za su bar ƙarfe ya shiga ba su san ko mene ne ba. Injiniya ya yi Turanci, suka mayar masa da Faransanci, ba mai jin wani. Sai da na gaji na ce wa wani jandarma, ɗan sandansu ke nan, da Hausa, "Ranka ya daɗe, turmi ne na 'yan boko." Ya yi dariya ya ce to a nuna musu. Aka sauke, aka ja igiya, injin ya yi tari ya tashi, ya watsa wa babbansu gari a gaban riga. Kafin a gama ba da haƙuri rana ta take, suka rufe ofis. Can haka suke, da tsakar rana kowa ya tafi ya kwanta, ba a buɗewa sai wajen la'asar. Mu a nan ma'aikaci in zai yi barci a kan kujerarsa yake yi, ofis a buɗe. Ban san wanda ya fi ba.

Muka zauna gindin bedi, wato darbejiya. Wani Buzu ya dafa mana shayi a 'yar buta, ana ba ka a wani ɗan kofi kamar na awon turare, har zubi uku, kowane zubi sai ka yi ta jira. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa ya yanke mini dasashi. Amma mutanen Hausawa ne kamar mu, sallarmu ɗaya, gaisuwarsu ma ta fi tamu tsawo.

Daga Matamaye kwalta ta ƙare, sai rairayi. Sau biyu muka kafe, sau biyu ni na tura. Muka isa ƙauyen da yamma. Maigari ya sauke mu a zaurensa, aka kawo fura a ƙwarya, mai yawa, da nono mai kyau. Su fura ce abincin rana, tuwo sai da yamma. Wadda aka ba aikin girkinmu wata tsohuwa ce, yayar maigari, ana ce mata Inna Delu. Tana jin maganata ta ce, "Af, Bakano ne. A ɓoye ludayin kirki, kada ya sayar mana da shi kafin safiya." Na ce, "Inna, ku Damagarawa wa zai sayi ludayinku, duk rairayi." Kun san wasan da ke tsakaninmu da su. Daga nan muka saba.

Kashegari aka yi aikin da ya kawo mu. Ga yadda suka tsara shi. Buhu uku: sabon irin Dakta, da dawar garin, da wata kaura da aka saya a Kano. Za a tuƙa tuwo uku da miya ɗaya, a ɗaura wa akushi zare ja da baƙi da fari, kada mai ci ya san wanne ne wanne. Injiniya ya kafa injinsa a ƙofar maigari, gari duk ya taru. Ya surfa kwano ɗaya lafiya, a na biyu bel ɗin da ke juya injin ya tsinke. Ya ɗinke, ya sake tsinkewa. Matan suna tsaye da taɓarensu suna kallo. Inna Delu ta ce, "Ɗan nan, in turminka ya gaji namu bai gaji ba." Suka kwashe dawar, kafin azahar sun surfa sun daka sun tankaɗe. Injiniya ya zauna da baƙin mai har gwiwar hannu yana rubuta abin da ya lalace. Na ji tausayinsa. Bai ce komai ba sai, "Rairayi ne, ban yi lissafinsa ba."

Da la'asar aka zaunar da mutane layi, maza gefe mata gefe. Malama Asabe tana bin su da takarda mai gida biyar, daga ba daɗi sam har daɗi ƙwarai. Ta tambayi dattijo na farko wanne ya fi. Ya ce, "Alhamdu lillahi, duka abinci ne." Ta ce ya zaɓa. Ya ce, "Allah ya saka muku da alheri." Ta juyo ta dube ni. Na ce, "Malama, kin kawo wa mutum tuwo har ƙofar gidansa a shekarar yunwa, kuma kina so ya ce miki ba daɗi?" Ta ce to ya nuna da hannu kawai. Sai suka riƙa nuna mai farin zare, wato sabon irin. Gaskiya kuwa da zafinsa ya yi kyau. Fari tas, laushi kamar na shinkafa. Ni ma shi na nuna. Dakta har da tafa hannu. Ya ce gobe da hantsi mu juya. Na kwanta raina fari, ina tuna fuskar da Malam Ilu zai yi.

Da na idar da sallar asuba yunwa ta dame ni. Mutanen jami'a shayi suke jira, ni kuwa cikina bai san shayi ba. Na leƙa na yi wa Inna Delu sallama, na ce ko akwai ɗumame. Ta ce, "Bakano ba ya raina saura. Zo ka zaɓa." Ta buɗe akusan nan uku, ragowar jiya.

Mai jan zare da mai baƙin zare malmalarsu na nan cur, ka ɗauka da hannu ba ta rabe. Mai farin zare kuwa ya saki jiki. Ruwa ya kwanta a kai, malmalar ta baje, na sa yatsa ta dagargaje, ga tsami ya fara tashi. Ta ɗauki akushin ta juye wa awaki a gabana.

Na ce, "Inna, haka yake yi, ko jiya ne aka yi kuskuren tuƙi?"

Ta ce, "Shekara hamsin ina riƙe da muciya. Haka yake. Tuwon baƙo ne, ba ya kwana."

Wanda bai san gidan talaka ba ba zai gane nauyin maganar nan ba. Mu sau ɗaya ake ɗora tukunya. Tuwon yamma shi ne ɗumamen safe, da shi yara ke karyawa, da shi ake fita gona har rana ta take. Tuwon da ba ya kwana, sai ka ɗora tukunya biyu, itace biyu, gari biyu. Wa ke da shi?

Na ce, "To jiya me ya hana ku faɗa?"

Ta ce, "Wanne ya fi daɗi aka tambaye mu. Ba wanda ya ce wanne ke kwana. Kuma 'yar nan ta sha hanya, ga ta da ladabi, sai mu ɓata mata takarda?"

Ta ce ba wai sun yar da shi ba ne. Kowa na shuka ɗan kaɗan a gefen gona, don yana nuna da wuri ya raba su da yunwar tsakiyar damina, saura a kai kasuwa. Amma wanda ya cinye irin gidansu saboda shi, ta ce, wannan sai dai a yi masa addu'a. Ban gaya mata da wa take magana ba. Ɗumamen da ta zuba mini na ci, amma ban ji ɗanɗanonsa ba. Lissafi nake, yau kwana biyar da fitata, Hajara na da baki bakwai a gida.

Na je na sami Dakta yana aske gemu a madubin mota. Na faɗa masa. Ya ce, "Baba Isiyaku, takarda ta nuna abin da mutane suka zaɓa." Na ce, "Dakta, takardar ba ta kwana da tuwon ba. Zo ka tambayi awaki." Ransa ya ɓaci, ya ce shekara shida yana kan irin nan. Malama Asabe ta ji mu, ta tafi wurin Inna Delu da kanta, ta daɗe. Da ta dawo ta zauna a kan buhu ta ce, "Laifina ne. Ni a makarantar kwana na girma, ban san ana tambayar tuwo da safe ba." Ta ce ba za ta sa hannu a rahoton ba sai an sake gwajin, a tuƙa da yamma a ɗanɗana da safe, har sau uku.

Kun ga yadda bakina ya ja mini. Ni da nake so in tashi a ranar in tsare irina, na ƙara wa kaina kwana uku. Na ce su bar ni in bi motar kasuwa. Aka ce takardar shigarmu ɗaya ce, sunana a ƙasan nasu, ba ni fita sai tare. Haka na zauna. Kullum da safe ni ne na farko a layin ɗanɗano, ina cin tuwon wasu, ina tunanin ana dakan kaurar babana. Inna Delu ta lura. Ta ce, "Bakano, ka yi shiru. An yi maka rangwame ne a kasuwa ka ƙi?" Na ce a'a, ni na sayar da arha.

Sau ukun duk abu ɗaya ya fito. A rana ta ƙarshe Dakta da kansa ya sa hannu a akushin, ya daɗe yana murza tuwon a yatsunsa. Ya ce bana ba za a raba irin ba, sai ya koma ya haɗa shi da kaura ya ga ko za a samu mai saurin nuna da ke kwana. Na tambaye shi shekara nawa. Ya ce biyar, ko fiye. Sai ya ce, "Kai da ka ce kana da tsohuwar kaura ta gado, ka taimake ni da kwano ɗaya." Na ce Allah ya kai mu gida tukuna.

Dawowar ba ta da labari sai gajiya. Inna Delu ta ba ni ƙullin kuka da daddawa ta ce in kai wa matar da ke haƙuri da ni. A iyaka jandarman nan ya tambayi lafiyar turmi. Muna wuce Kazaure hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kowa a motar yana murna ban da ni. Ruwan shuka ne. Daga Wudil zuwa Birnin Kudu duk gonar da muka wuce mutane ne a sunkuye, mai sungumi a gaba mai iri a baya.

Suka sauke ni a bakin hanya, na ƙarasa Yalwan Damai a ƙafa, na isa ana kiran magariba. Ban tsaya gaisuwa ba, na wuce rumbu na leƙa. Wayam. Ko zangarniya ɗaya babu.

Hajara ta kawo mini ruwa, ta ajiye akushi. Na buɗe, tuwon kaura ne, jaja-jaja, ƙamshinsa na sani tun ina yaro.

Na ce, "Duka kika daka?"

Ta ce, "Kai ka ce, Malam. Ina sabon irin?"

Na ce babu. Na ba ta labarin a gajarce, ban ƙara ban rage ba. Ta saurara tana gyara fitila, har na kai ƙarshe.

Ta ce, "Biyu na daka. Wannan da ke gabanka shi ne ƙarshensu."

"Na ukun fa?"

"Ranar da ka tafi na aika wa Yaya Ilu da shi ya ajiye. Na san in yana gidan nan yara suka yi kuka zan sauke shi."

Na yi lissafi. Dami ɗaya ba zai rufe gonata ba, amma zai rufe fiye da rabi, kuma irin bai mutu ba. Na ce to ta aika a karɓo. Ta ce ai Yaya ya ce ba zai bai wa ɗan aike ba. Wanda ya yi magana a zaure, shi zai zo ƙofar gidansa ya yi sallama.

Na ci rabin tuwon na rufe sauran.

Da safe ta ɗumama mini shi. Malmalar na nan yadda na bar ta, ko tsagewa ba ta yi ba. Na cinye, na wanke hannu, na ari jakin maƙwabcina, na kama hanyar Kiyako tun rana ba ta yi zafi ba, don in same shi kafin mutane su taru a ƙofar gidansa.